Ƙaƙƙarfar kyamara mai ƙaramin sensa: har yanzu ana bukatarta? Tambayoyi da amsoshi ga masu hoto a arewacin Kamaru da Cadi

Duk wanda ya ɗan jima da kyamara a hannu a Garwa ko Marwa ya san wannan gardama. Da zarar hannun mutum ya faɗa, kuɗi ya ɗan taru, sai abokan sana'a su fara ce masa ya rabu da "ƙaramar" ya koma mai cikakken sensa, wai ita ce ta manya. Kamfanonin Japan ma yawancinsu can suka karkata. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, daga masu shagon hoto, da masu ɗaukar biki, da waɗanda sha'awa ce kawai ta kawo su, har da 'yan'uwanmu na Kuseri da Njamena. Matsayina a fili yake tun daga nan: ana bukatar ƙaƙƙarfar kyamara mai ƙaramin sensa, kuma mu da ke wannan yanki mun fi kowa bukatarta.

Malam, mene ne sensa, kuma ina bambancin babba da ƙarami?

Sensa shi ne ɗan farantin da ke cikin kyamara, a bayan lensi, wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Shi ya gaji fim. Wanda ake kira cikakke milimita 36 ne a kwance, 24 a tsaye, daidai girman hoto guda a fim ɗin da masu hoton da suka riga mu suka yi aiki da shi. Ƙaramin, wato APS-C, kimanin milimita 23.5 ne da 15.6 a wajen Nikon da Sony da Fujifilm. Na Canon ya ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9. In aka auna fili, babban ya ninka ƙaramin sau biyu da ɗoriya.

Akwai kuma na uku, Micro Four Thirds, mai milimita 17.3 da 13, wanda Panasonic da OM System ke ƙerawa. OM System shi ne ya gaji sashen kyamara na Olympus a farkon 2021.

In kana son gane naka: Nikon na rubuta DX a kan ƙarami, FX a kan babba. Lensin Canon da ke ɗauke da EF-S ko RF-S na ƙaramin sensa ne.

Ai duk ƙaramin sensa na 'yan koyo ne, ko ba haka ba?

A'a, kuma daga nan ruɗanin ya faro. Yawancinmu da irin su Canon 600D ko Nikon D3200 muka fara, masu jikin roba da ramin katin memori ɗaya, sai muka ɗauka duk mai ƙaramin sensa haka take. Amma akwai wani jinsi dabam: jiki na ƙarfe mai sauƙin nauyi, an toshe kafofinsa saboda ƙura da yayyafi, fokas mai bin abin da ke gudu, da maɓallai a waje yadda ba sai ka shiga menu kana lalube ba, yawancinsu kuma da ramin kati biyu. Nikon D300 ta 2007 da Canon 7D ta 2009 su suka kafa wannan suna. Sai 7D Mark II a 2014, mai ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa guda, sannan Nikon D500 a 2016, ita ma 10 a daƙiƙa, da ɗigon fokas 153, irin tsarin da ke cikin Nikon D5 mai cikakken sensa, wadda ta ninka ta kuɗi fiye da sau uku. A kan waɗannan da magadansu muke magana.

To me ya sa ake cewa zamaninsu ya wuce?

Dalili biyu, kuma duka biyun akwai gaskiya a cikinsu.

Na farko, babban sensa ya sauko. A da ƙera shi na da tsada ƙwarai, domin daga faifan silikon guda ake yanko sensa, kuma in sensan babba ne kaɗan ake samu, tabo ɗaya kuma ya isa ya lalata guda sukutum. Da sana'ar ta inganta sai farashi ya faɗi. Canon 6D da Nikon D600 sun fito a 2012, Sony ya kawo a7 marar madubi (wato babu madubin da ke ɗagawa tsakanin lensi da sensa) a 2013, a 2019 kuma Canon RP ta fito a kan dalar Amurka 1,299, ƙasa da farashin da 7D Mark II ta fito da shi, wato 1,799. Mai saye ya duba ya ce, in babba ta fi araha, me zan yi da ƙarama?

Na biyu, kasuwar kanta ta tsuke. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara kimanin miliyan 121. Daga 2020 adadin ya koma ƙasa da miliyan 10 a shekara, saboda waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Kamfanin da cinikinsa ya ragu haka dole ya nemi inda riba ta fi kauri, kuma riba tana wajen manyan lensuna na cikakken sensa. Don haka ba wai ƙaramin sensa ya gaza ba ne. Lissafin kamfani ne ya canza, lissafin mai ɗaukar hoto kuwa yana nan yadda yake.

In farashi ɗaya ne, me zai sa in ɗauki mai ƙaramin sensa?

Ga misali daga gida ɗaya. Canon R7 ta fito a 2022 da ƙaramin sensa, R8 ta biyo baya a 2023 da cikakke, kuma kowace dalar Amurka 1,499 aka sa mata. A kuɗinmu wannan ya haura sefa dubu 800 tun kafin a yi maganar jigila da 'yan duwan.

R8 ta ba ka babban sensa mai megafiksil 24 (wato ɗigon hoto miliyan 24) da fokas mai kyau. Amma ramin katinta ɗaya ne, batirinta ƙarami ne, kuma babu na'urar hana girgizar hannu a jikinta. R7 tana da megafiksil 32.5, ramin kati biyu, babban batir, na'urar hana girgiza, da hoto 15 a daƙiƙa da marufin inji, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa lokacin ɗauka. Wato kuɗin da ke hannunka ko dai ya tafi a faɗin sensa, ko ya tafi a sauran jikin kyamara. In kana son duka biyun a cikakken sensa, sai ka ƙara kusan dala dubu a kai.

Maganar ramin kati biyu kada ka raina ta. Mai ɗaukar ɗaurin aure ko suna ba shi da damar cewa a maimaita. Katin jabu ya cika kasuwanninmu, kuma in kyamara tana rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, mutuwar ɗaya ba za ta zubar maka da mutunci a gaban dangin amarya ba.

Gaskiya ne ƙaramin sensa yana jawo abu kusa?

Lensi ba ya canzawa. Abin da ke faruwa shi ne ƙaramin sensa tsakiyar hoton kawai yake kamawa, ya bar gefe. Saboda haka lensi mai milimita 300 a kan Nikon DX yana nuna maka abin da sai mai 450 zai nuna a cikakken sensa. A Canon ana ninkawa da 1.6, sai 300 ya zama kamar 480, 400 kuma kamar 640.

Wanda bai taɓa bin dabba a daji ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. A gandun Waza fili ne shimfiɗe, raƙumin dawa da jimina suna hango motarka tun daga nesa, ba kuma a yarda ka sauka ka bi su da ƙafa yadda ka ga dama ba. A gandun Binuwai da Buba Njida ciyawa da itatuwa ne ke tare ka, abin da ka samu ta 'yar kafa shi ne rabonka. Dorina a kogin Binuwai kuwa, hankali ma ya ce ka tsaya nesa da ita. Tsuntsaye sun fi duka wuya: gauraka a fadamun Logon, shamuwa da farkon damina, tsuntsayen ruwa a tafkin Maga. A Zakuma, can kudu maso gabashin Cadi, gandun da ƙungiyar African Parks ke kula da shi tun 2010, ƙarshen rani ne ke tara gauraka da garken tsuntsun jan baki a bakin ruwan da ya rage, kuma mai son ya ware tsuntsu ɗaya daga cikin dubbai yana bukatar kowane milimita da zai samu.

Yanzu a zo ga kuɗi. Lensin Nikon mai milimita 200-500 f/5.6 (lambar f tana nuna faɗin buɗewar lensi, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske) nauyinsa kilo 2.3 ne, kuma da ya fito farashinsa bai kai dala 1,500 ba. Ka ɗaura shi a D500, ka samu kamar 750. Lensin Sigma ko Tamron 150-600 zai kai ka kamar 900. Lensi mai 600 f/4 na ƙwararru kuwa ya haura dala dubu 12, kuɗin fili da gini a unguwanni da yawa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu hoton tsuntsaye a duniya suka riƙe D500 da 7D Mark II gam, har bayan an daina ƙera su. Tsadar hoton nesa a lensi take, kuma ƙaramin sensa ne ke rage ta.

Ba zan iya sayen mai babban sensa in yanke tsakiyar hoton a kwamfuta ba?

Za ka iya, amma ka yi lissafin abin da zai rage. Kyamara mai megafiksil 24, in aka yanke ta zuwa girman APS-C, kimanin 10 ne ke saura. Nikon D850 da Z8 masu 45.7 suna barin 19 da 'yan kai. Canon R5 mai 45 tana barin kimanin 17. Sai ka kai Sony a7R V mai 61 kafin ka samu 26, daidai da abin da a6700 ke bayarwa a ƙasa da rabin kuɗin. Megafiksil 32.5 na R7 kuwa, sai cikakken sensa mai sama da 80 ne zai zuba ɗigo masu yawan haka a kan tsuntsu guda. Mai kuɗin sayen Z8 ba shi da matsala. Tambayar ita ce mu nawa ne ke da shi.

Ni hawan sallah da ƙwallo nake ɗauka. Wacce ta dace da ni?

Kai ne ainihin wanda aka ƙera wa wannan jinsi. A ƙofar fadar Lamiɗo, idan mahaya suka sako dawaki a guje suka zo suka ja linzami gaban sarki, abin da kake nema bai wuce ƙiftawar ido ba: ƙafafun gaba a sama, mashi a ɗage, ƙura ta tashi amma ba ta rufe fuska ba tukuna. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 4 ko 5 a daƙiƙa za ta ba ka kafin lokacin da bayansa. Mai 10 ko 15 ta fi kusa da ba ka shi kansa. Haske kuma ba matsala ba ne, rana tana tsaka, don haka fifikon babban sensa a duhu bai taso ba. Abin da ya taso shi ne fokas da ba ya sakin doki ya kama ɗan kallo, da ma'ajiyar cikin kyamara, inda hotuna ke taruwa kafin su shiga kati, da ba ta cika bayan daƙiƙa biyu. D500 tana iya jero hoto 200 ba ta tsaya ba in katin mai sauri ne.

Haka a filin ƙwallo na Roumdé Adjia a Garwa ranar wasan Coton Sport. Daga bayan raga zuwa tsakiyar fili ya haura mita 50. Lensin 70-200 a ƙaramin sensa yana yi maka aikin kusan 300, ba ka ƙara nauyi ba, ba ka ƙara ko sisi ba. Wasan dare ƙarƙashin fitila ne kawai ke ɗan juya lissafin, kuma a nan ma lensi mai f/2.8 ya fi canjin kyamara tasiri.

Gargaɗi ɗaya ga masu marar madubi. Hoto 30 a daƙiƙa da R7 ke yi ba tare da marufin inji ba yana iya lanƙwasa abin da ke gudu, mashi ko ƙwallo su fito a karkace, saboda sensan daga sama zuwa ƙasa yake karantawa kuma ba shi da saurin da ya kamata. A wajen sukuwa ka bar ta a marufin inji. Fujifilm X-H2S ce ta magance wannan da sensa mai saurin karatu, tana kaiwa 40 a daƙiƙa, amma ta fito a kan dala 2,499.

Ni mace ce, cikin gida nake ɗaukar kamu da lalle, yawanci da dare. Ni ma haka?

Hajiya, ke lissafinki dabam ne, kuma ba zan ɓoye miki ba: a nan babban sensa ya yi gaba. Tunda filinsa ya ninka biyu, hasken da yake tarawa ma ya ninka, don haka hoton da kika ɗauka da shi a ISO 6400 (ISO ita ce lambar da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci) zai yi tsabta kusan kamar na ISO 3200 a ƙarami, ko ma fiye kaɗan. A ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ke ci, ga mata sun cika shi, ga atamfa mai duhu, wannan bambanci yana fitowa a fatar fuska. Ga kuma ƙuncin ɗaki: lensin 50 da kowa ke saya saboda araha yana zama kamar 75 ko 80 a ƙaramin sensa, sai ki ja da baya har bango bai ishe ki ba.

Amma kafin ki sayar da abin da ke hannunki, ki gwada abu biyu. Ki nemi lensi mai buɗewa sosai, kamar Nikon 35 f/1.8 DX, ko Sigma 18-35 f/1.8 in kuɗi ya kai. Daga lensin 18-55 da ke zuwa da kyamara, wanda ke tsukewa zuwa f/5.6, zuwa f/1.8, hasken ya ninka kusan sau goma. Canjin sensa kuwa ninki biyu kawai zai ba ki. Na biyu, filasha da za ki juya kanta sama ta bugi silin ta dawo a tausashe. In kin yi waɗannan biyun har yanzu ba ki gamsu ba, to lokacin cikakken sensa ya yi, kuma Canon 6D ko Nikon D750 ta hannu za ta yi miki aiki.

Dushewar baya fa, wadda amare ke so?

Babban sensa ya fi, in lambar buɗewa ɗaya ce. Abin da f/1.8 ke yi a ƙarami kusan shi f/2.8 ke yi a babba. Amma matso da amarya kusa da kai, ka nisanta ta da bango, ka sa lensin 50 ko 56, za ka ga bayan ya narke. A hoton dangi kuwa, layi uku na mutane, zurfin fokas na ƙaramin sensa alheri ne, don na baya ma suna son a gane su.

Bidiyo nake yi: biki, wa'azi, tafsirin azumi. Ƙaramin sensa ya isa?

Ya isa har ya yi saura. Girman da ake kira Super 35, wanda aka shafe shekaru da dama ana yin manyan finafinai da shi, kusan daidai yake da APS-C. Sony ma a 2022 ya fitar da FX30 musamman don masu fim, da ƙaramin sensa.

Abin da za ka duba ba girman sensa ba ne. Tsofaffin masu madubi, har da D500 da 7D Mark II, suna yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika, sai ka sake dannawa. In malam yana tsakiyar fassara aya, wannan yankewar tana da ciwo. R7 da a6700 ba su da wannan iyaka. Ka duba kuma ko akwai ramin makirfo da na abin sauraro, domin a wa'azi murya ta fi hoto muhimmanci.

Yaya suke da ƙurarmu da zafinmu?

Wannan ita ce tambayar da masu sharhi a Turai da Amurka ba sa yi, mu kuwa ita ce ta farko. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigar da ƙura ko'ina, har cikin jakar da ke rufe. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Kuseri da Njamena yana haura digiri 40, alhali yawancin kamfanoni sun rubuta a littafin kyamara cewa daga 0 zuwa 40 aka yi ta ta yi aiki. Jiki mai toshiyar roba a bakin batir da kati da maɓallai yana daɗewa a nan fiye da wanda ba shi da ita, kuma cikakken sensa mai araha sau da yawa a irin waɗannan wurare ake rage masa kuɗi. Ƙaramin jiki siriri kuma yana saurin ɗaukar zafi a bidiyon 4K, ya kashe kansa ana tsakiyar aiki.

Marar madubi tana da nata rauni: da ka cire lensi, sensa a buɗe yake. R7 tana rufe shi da marufi in an kashe ta, abin da ke da amfani ƙwarai a nan. Ko da wacce kake aiki, kada ka canza lensi a fili lokacin iska, ka shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Sai wuta. A gwajin da kamfanoni ke bi, batirin D500 yana kai hoto 1,240, na Canon 90D kimanin 1,300. Masu marar madubi yawanci rabin haka suke yi. Wanda zai kwana biyu a ƙauye wajen biki, ko ya tafi Rumsiki, ko unguwarsu ta wuni ba wuta, ya san darajar wannan. Amfanin sababbin shi ne ana iya cajinsu ta USB daga batirin ajiya na waya ko daga sola.

Wane kamfani ne ya riƙe wannan jinsi, wane ne ya sake shi?

Fujifilm ne ya riƙe shi da hannu biyu, domin ba ya ƙera cikakken sensa ko kaɗan. Daga APS-C sai ya tsallaka zuwa GFX, wanda ya fi cikakken girma. Saboda haka ba ya tsoron ƙaramarsa ta ci kasuwar babbarsa. A 2022 kaɗai ya fitar da X-H2S, da X-H2 da X-T5 masu megafiksil 40, kuma lensunansa don wannan sensa aka zana su tun asali. Matsalarsa a wajenmu ita ce ƙarancin kaya: batir, caja da lensin hannu na Canon da Nikon sun fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, mai gyara ma su ya fi sani.

Canon ya bar shekara takwas tsakanin 7D Mark II da R7, kuma masu 7D da yawa suna ganin R7 ba ta kai magajiya ba, tunda ko mariƙin ƙarin batir ba a yi mata ba. Amma a 2024 ya buɗe wa Sigma da Tamron ƙofa su ƙera lensin RF na ƙaramin sensa, wannan kuwa ya cike giɓi babba. Sony a6700 ta 2023 tana da fokas na gani na faɗa, amma ramin katinta ɗaya. Nikon ne ya fi ba masoyansa haushi. Ya sa su jira daga D300S ta 2009 har zuwa D500 ta 2016, ya ba su kyamarar da ta yi fice, sannan da ya koma marar madubi sai ya tsaya a Z50, Zfc, Z30 da Z50II, duka masu ramin kati ɗaya, babu mai hana girgiza a jiki. Kyamarori ne masu kyau, amma babu wadda mai D500 zai kalla ya ce ga inda zan koma. Pentax ya fitar da K-3 Mark III mai madubi a 2021, OM System kuma OM-1 a 2022, wadda masu tsuntsaye suka karɓa sosai.

Mu da ba sabuwa muke saya ba, me ya dame mu da abin da kamfani zai ƙera?

Ya dame mu fiye da mai saya a Paris ko Tokyo. Kyamarorin da ke hannunmu yawancinsu na hannu ne, sun biyo ta Duwala da Yawunde, ko Dubai, ko ta Kano da Yola da Mubi, ko a jakar ɗan'uwa da ya dawo daga Faransa. Kamar motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwan Duwala ne: abin da Bature ya saya sabo yau, shi za mu gani nan da shekara biyar ko takwas. 7D da D7100 da D7200 da ke cike da shagunan hoto a yankinmu suna nan ne saboda wani ya ƙera su da yawa, wani ya saya, ya gaji da su ya sayar.

To in kamfanoni suka bar wannan jinsi, nan da 'yan shekaru matashin da ke tasowa a Marwa zai tarar da zaɓi biyu kawai a kasuwar hannu. Ko ƙaramar kyamarar roba da aka yi don masu bidiyon intanet, wadda hunturu biyu zai gama da ita, ko cikakken sensa wanda jikinsa zai iya saya amma lensinsa ya gagare shi. Matakin tsakiya, inda mutum ke samun kayan aiki na gaske da kuɗin da mai sana'a zai iya tarawa, shi ne zai ɓace. Kuma daga wannan mataki ne ake samun waɗanda ke ɗaukar hawan Rai Buba, da Gerewol na Mbororo a yankin Durbali, da masunta a Lagdo, da idon ɗan ƙasa. In ba haka ba, baƙo mai manyan kaya ne kaɗai zai riƙa zuwa ya ɗauka ya tafi da su.

Kamfanin ma yana da riba a ciki. Mai R7 da ya sayi lensin RF 100-500 ya riga ya zama ɗan gidan Canon, kuma in ya tashi ƙara kyamara ta biyu, a gidan zai saya. Wanda bai samu abin da yake so a wajen Nikon ba ya koma Fujifilm ko OM System, da wuya ya dawo.

Tsofaffin lensuna na za su yi aiki a sababbin kyamarori?

Na Canon EF da EF-S suna aiki lafiya a kan R7 ta hanyar zoben haɗi na kamfanin. Na Nikon suna hawa Z ta zoben FTZ, sai dai tsofaffin AF-D, waɗanda injin fokas ɗinsu a jikin kyamara yake, za su koma fokas na hannu. Lensin cikakken sensa yana aiki a ƙarami ba matsala. Na ƙarami a kan babba kuwa yana jawo yankewar da muka lissafa a sama.

Waya ba ta riga ta maye gurbin duk wannan ba?

A hoton abinci, da na tsaye da rana, da abin da zai ƙare a WhatsApp, ta maye. A doki mai gudu daga mita 60, ko gauraka a tsallaken ruwa, ba ta kusa ba.

Na samu D500 ko 7D Mark II ta hannu. Me zan duba kafin in biya?

Fara da adadin bugun marufi. Duka biyun an ƙera marufinsu don ya kai bugu dubu 200, kuma da yake masu wasanni da masu tsuntsaye ne suka fi riƙe su, wasu sun sha aiki. A Nikon lambar tana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanta ta kyauta. A Canon sai an haɗa da kwamfuta. Wadda ta haura dubu 150, a rage maka kuɗi sosai.

Sannan ka tsuke lensi zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton a babban allo. Ɗigon ƙura ana gogewa, amma zane ko ƙarzuwa a kan sensa ba ya fita. Ka sa kati a kowane rami ka tabbatar duka biyun suna rubutu. Ramin CF na 7D Mark II yana da ƙananan allurai da ke lanƙwashewa, ka haska tocila ka duba su. D500 kuwa ramin farko na katin XQD ne ko CFexpress, mai tsada da wuyar samu a nan, don haka ka tambaya ko mai sayarwa zai haɗa maka da kati da abin karanta shi. Ka danna ka riƙe har ta jero hotuna, ka saurari ko sautin yana tafiya daidai. Ka duba robar jiki ko ta kumbura, da cikin ramin batir ko akwai tsatsa ko farin gari, alamar ruwa ya taɓa shiga. Batir da caja su zama na asali, domin na jabu suna kumbura a zafin Afrilu har su maƙale a ciki. In mai kayan ya ƙi yarda ka gwada ta da lensinka da katinka na awa ɗaya, ka bar masa abinsa ka nemi wata.